Matsala Ake Kai Wa Mai Zane, Ba Hoton Tambarin Wani Ba

Yawancin ayyukan dizain da matasa 'yan kasuwa ke bayarwa a yau daga saƙon WhatsApp suke farawa. Mai sayar da takalma, ko turaren wuta, ko kayan waya, zai ga tambarin wani shago a Instagram ya burge shi, ya ɗauki hotonsa ya tura wa mai zane, sannan ya biyo da saƙon murya: "Ka yi min irin wannan sak, suna kawai za ka canza. Nawa ne?" Bayan mako biyu an yi gyara sau tara. Mai kaya na cewa mai zane bai iya aiki ba, mai zane na cewa mai kaya bai san abin da yake so ba. Cikon kuɗi ya maƙale, kowa ya daina ɗaga wayar kowa.

Idan aka bi diddigi, tun daga saƙon farko aikin ya lalace, gyara na tara ya dai fito da ɓarnar fili ne. Ƙwararren mai zane, wato wanda ake ɗauka na ɗan lokaci don ya tsara tambari, ko kwalin kaya, ko fuskar manhaja da shafin intanet, shawara ce babbar hajarsa. Wanda ya kai babur wajen makanike ba ya tsayawa a kansa yana cewa kwance wannan noti, ɗaure wancan. Cewa yake yi babur ɗin na shan mai, ko yana mutuwa duk sanda aka tsaya a danja, makanike ya nemo dalili. Haka ya kamata ɗan kasuwa ya je wa mai zane: ya faɗi abin da ke damun kasuwancinsa, ya bar wa mai sana'a neman magani, sannan su biyun su yarda cewa kwastoma ne zai raba gardama.

Abin da ya faru tsakanin Steve Jobs da Paul Rand

A shekarar 1985 Steve Jobs ya bar kamfanin Apple bayan rikicin shugabanci, ya kafa sabon kamfanin kwamfuta mai suna NeXT. A 1986 ya nemi Paul Rand, dattijon mai zane a Amurka wanda ya tsara tambarin IBM da na tashar talabijin ta ABC da na kamfanin UPS, don ya yi wa sabon kamfanin tambari. Ladan aikin dala 100,000 ne. Jobs ya nemi a kawo masa samfura da dama ya zaɓi wanda ya yi masa, kamar dai yadda kowane mai biyan kuɗi ke so. Rand ya ƙi. Jobs da bakinsa ya ba da labarin a wata hira a 1993: Rand ya gaya masa cewa shi zai warware masa matsalarsa a biya shi, in ya ga dama ya yi amfani da abin da aka kawo, in bai ga dama ba ya ajiye, amma in zaɓi barkatai yake nema to ya je wajen wasu.

Jobs mutum ne da ya yi suna wajen kafiya da sa baki a komai, har cikin na'ura inda idon mai saye ba ya kaiwa. Duk da haka ya amince. Amma bai naɗe hannu ya zauna jiran abin mamaki ba. Ya bayyana wa Rand abin da Rand ba zai iya sani da kansa ba, wato irin kwamfutar da kamfanin ke shirin fitarwa, wadda za ta zo a siffar akwati mai tsawo da faɗi da tsayi daidai wa daida. Daga wannan bayani Rand ya fito da tambarin baƙin akwati da ya ɗan karkata, ɗauke da haruffan sunan guda huɗu cikin launuka daban-daban. Bai miƙa hoto kawai ya ce ga shi nan ba. Ɗan littafi ya haɗa yana nuna yadda tunanin ya taso mataki-mataki, da dalilin kowane zaɓi.

Darasin labarin bai tsaya a kan taurin kan Rand ba. Rabon aikin ne abin dubawa. Ɗaya ya kawo sanin kasuwancinsa, ɗayan ya kawo sanin zane tare da hujja. Babu wanda ya shiga gonar wani. Wannan rabon yana aiki ko dala 100,000 aka biya ko naira 30,000.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Abin da ɗan kasuwa ya fi mai zane sani shi ne kwastomominsa, kuma shi ne abin da aka fi mantawa a faɗa. A ɗauki misalin mai saro atamfa da leshi a Kantin Kwari tana tallarsu a sitatus ɗin WhatsApp. Idan ta ce wa mai zane tana son tambari mai ruwan zinare da kambun sarauniya, zai yi mata, ta biya, ta ɗora, ciniki ya ci gaba da tafiya yadda yake. Idan kuwa ta zauna ta gaya masa cewa rabin yininta na ƙarewa wajen amsa tambayar "nawa ne wannan", cewa 'yan wasu garuruwa na tsoron tura kuɗi kafin su ga kaya, cewa ana yawan dawo mata da kaya saboda launin da aka gani a hoto ya bambanta da na zahiri, to aikin ya canza gaba ɗaya. Mai zanen da ya san abin da yake yi zai iya ce mata tambari ba shi ne na gaba ba. Tana buƙatar tsayayyen tsarin hoto mai ɗauke da farashi da lambar kowane turmi, da rasiti mai sunan shago wanda ya yi daidai da sunan da ke kan asusun banki, da ƙa'idar ɗaukar hoto a haske iri ɗaya kullum.

Don haka kafin a tura saƙon farko ya kamata ɗan kasuwa ya rubuta shafi guda, ko da a manhajar rubutu ta wayarsa ne, ya amsa wasu tambayoyi. Me ake sayarwa, kuma nawa? Su wa ke saye, maza ko mata, matasa ko magidanta, kuma da wane harshe suka fi karatu? Ta ina suke samun labarin kayan? A ina ciniki ke yawan watsewa? A ina za a yi amfani da zanen, a waya kawai ko har da leda da allon ƙofar shago? Yaushe ake buƙatarsa? Da me za a gane aikin ya yi amfani bayan wata uku?

Hotunan shagunan da suka burge mutum suna da wurinsu a cikin wannan bayani, amma a matsayin misali, tare da faɗin abin da ya burge a ciki. "Wannan ya yi min don farashi na fitowa ɓaro-ɓaro" magana ce da mai zane zai yi aiki da ita. "Ka yi irinsa" kuwa umarnin kwafe ne, kuma tambarin da aka kwafa tallar mai asalin yake yi.

Sai maganar kuɗi. Da yawa na ɓoye abin da suka ware don tsoron kada mai zane ya cinye duka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan mai zane ya san iyakar aljihu, zai faɗi abin da za a fara da shi yanzu da abin da zai jira. Idan bai sani ba, ko dai ya tsara abin da ya fi ƙarfin mai kaya, ko ya yi aikin da bai kai buƙata ba.

Haka nan kayan aiki na gaskiya: sunayen kaya, farashi, hotuna, da ainihin rubutun da zai hau. Zanen da aka yi da rubutun cike gurbi da hotunan Turawa na intanet kullum kyau gare shi, sai ranar da aka zuba ainihin kayan shago a ciki komai ya cakuɗe. Hotunan kuma a tura su a matsayin fayil, domin WhatsApp na matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, ingancinsa ya ragu.

Yadda ake faɗin gyara

Wurin da aka fi samun saɓani shi ne bayan samfurin farko ya iso. Mai kaya zai duba ya ce "bai yi min ba", ko "ka ƙara masa armashi", ko kuma ya koma ba da umarni: mai da shi ja, ƙara girman tambari, matsar da wannan sama. Na farko bai gaya wa mai zane komai ba. Na ƙarshe ya ƙwace masa aikin da aka biya shi ya yi.

Gyara mai amfani shi ne wanda ya koma kan matsala. Maimakon a ce a mai da maɓallin ja, sai a ce an nuna wa mutum uku kuma babu wanda ya gane inda ake latsawa a yi oda. Wataƙila maganin launi ne, wataƙila wurin da aka ajiye maɓallin ne, wataƙila kalmar da ke kansa ce. Mai zane ya fi sanin wanne. Idan kuma akwai abin da ya shafi al'ada ko addinin masu saye, kamar hoton da bai dace ba ko kalmar da ke da wata ma'ana a garin, wannan hurumin mai kaya ne, ya faɗa kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba.

Son rai kuwa a yi hattara da shi. A 1971 wata ɗaliba a jami'ar Portland State mai suna Carolyn Davidson ta zana wa Phil Knight alamar nan ta Nike a kan dala 35. Knight bai ɓoye ba cewa zanen bai kwanta masa sosai ba a lokacin, ya karɓa ne da fatan zai saba da shi. Yau alamar ba ta ma buƙatar a rubuta suna a gefenta. Ido na ƙin sabon abu a ganin farko, shi ya sa ya fi kyau a bar samfuri ya kwana kafin a mayar da amsa.

Akwai kuma matsalar masu shawara da yawa. Samfuri ya iso, an tura wa yaya, an tura wa aboki, an jefa a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, kowa ya kawo nasa, aka kwashe duka aka juye wa mai zane cikin saƙonnin murya goma sha biyu masu karo da juna. Shawara ba laifi ba ce, amma mutum ɗaya ne ya kamata ya tace ta, ya haɗa gyaran a rubuce wuri guda, ya tura sau ɗaya. Idan a Figma ake aikin, manhajar na ba da damar ajiye sharhi a daidai wurin da ake magana a kai, ba sai an yi ta kwatance ba. Idan kasuwancin na haɗin gwiwa ne, tun ranar farko a faɗi wanda maganarsa ce ta ƙarshe.

Mai zane ma yana kuskure

Wani zai ce, to idan aka sakar wa mai zane komai, shi kuma ya yi shirme fa? Ai ba kowa ne Paul Rand ba. Wannan gaskiya ce, kuma manyan ma suna faɗuwa. A watan Janairun 2009 kamfanin ruwan lemo na Tropicana a Amurka ya fito da sabon kwali wanda kamfanin Arnell, sanannen gidan talla da zane, ya tsara. An cire hoton lemon da aka soka wa tsinken zuƙa, wanda masu saye suka saba gani shekara da shekaru, aka sa kofin lemo. A idon masu zane kwalin ya fi tsafta da zamani. A kanti kuwa mutane suka kasa gane kayan da suka saba ɗauka. Cikin ƙasa da wata biyu ciniki ya faɗi da kusan kashi 20 cikin 100, kuma a watan Fabrairu kamfanin ya sanar da komawa tsohon kwali.

Saboda haka sakar wa mai zane aikinsa ba ya nufin a karɓi duk abin da ya kawo ido rufe. Abu biyu ne haƙƙin mai kaya a kansa. Na farko hujja: me ya sa wannan launi, me ya sa wannan tsari, kuma ta yaya ya amsa matsalar da aka faɗa tun farko? Mai zanen da amsarsa kawai "haka ake yayi yanzu" bai gama aikinsa ba. Na biyu gwaji a hannun masu saye na gaskiya.

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhajoji, ya bayyana tun a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. A samu kwastomomi biyar, ba 'yan'uwa masu jin kunyar faɗin gaskiya ba, a miƙa wa kowane waya a ce ya nemo farashin kaya kaza ya yi oda. Kada a tambaye shi ko ya yi kyau, don kowa "ya yi kyau" zai ce. A yi shiru a kalli inda yatsansa ke tsayawa. Gani ya kori ji.

Wayar da za a yi gwajin da ita ma abin lura ce. Mai zane na aiki a babban sikirin mai haske a cikin ɗaki. Mai saye kuwa galibi Tecno ko Itel ko Infinix ce a hannunsa, wataƙila gilashin ya tsage, ya rage haske don caji ya kai shi yamma, yana tsaye a rana, data na gab da ƙarewa. Rubutu mai launin toka-toka a kan fari ɓacewa yake yi a irin wannan hali. Ƙa'idojin WCAG na duniya sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma akwai shafuka na kyauta da ke auna wannan. Google na ba da shawarar kada wurin latsawa a Android ya gaza ma'auni 48 a tsawo da faɗi, Apple kuma 44, don yatsa ya same shi ba tare da ya taɓa na kusa ba. Ba sai mai kaya ya haddace waɗannan alƙaluma ba. Ya isa ya tambaya ko an duba su.

Tambari ma a jarraba shi a inda zai zauna. Hoton furofayil na WhatsApp ɗan ƙaramin da'ira ne, duk wani siririn rubutu da ƙawa a gefe yankewa suke yi ko su dushe. A leda ko hatimi launi ɗaya ake bugawa, don haka tambarin da kyansa ya dogara da ruwan zinare mai sheƙi zai koma dunƙulen tawada. Launin da ke walƙiya a sikirin kuma ba lallai ya fito haka a wajen masu buga takardu ba, domin sikirin da haske yake haɗa launi, inji kuwa da tawada huɗu. A buga gwaji ɗaya kafin a ba da aikin kwali dubu.

Ga mai tallar da Hausa akwai ƙarin tarko. Yawancin nau'o'in haruffa masu ƙayatarwa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Idan aka rubuta "ƙwai" ko "ɗinki" da su, sai harafin ya fito a matsayin ɗan akwati, ko ya fito da wata siffa daban da sauran. Alamar naira ma takan ɓace a wasu. Haruffan Noto na Google suna ɗauke da su, akwai wasu kuma, amma sai an gwada tun kafin a zaɓa. Sannan jimlar Hausa kan fi ta Turanci tsawo, maɓallin da aka auna da gajeriyar kalmar Turanci ba zai ɗauki "Tura wa mai shago saƙo" ba. Wannan ma dalili ne na ba mai zane ainihin rubutu tun ranar farko.

Idan aikin manhaja ne ko shafin intanet

A nan mutum na uku ke shigowa, wato mai gina manhajar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gama zane tsaf, a biya, sannan a kai wa mai gini a ce ga shi. Abin da ke cikin Figma hoto ne mai kama da manhaja, babu komai a bayansa. Shafi guda da aka zana cikin awa biyu zai iya cin mako biyu wajen gini, musamman idan ya ƙunshi motsi da bidiyo da manyan hotuna, waɗanda kuma su ne ke cinye datar mai saye su sa shafi ya yi nauyin buɗewa.

Tun ran gini ran zane. A haɗa mai zane da mai gini a zama ɗaya tun ana matakin zanen ƙwarangwal, wato akwatuna da layuka marasa launi da ke nuna me ke bin me. A wannan mataki sauya tsari aikin minti goma ne, ko a takarda ma ana iya yi. Bayan an gina kuwa, sauyi iri ɗaya kwanaki yake ci, da kuɗi. Mai gini ne kuma zai yi tambayoyin da zane mai kyau kan tsallake: me zai bayyana idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar biya? Idan kaya sun ƙare fa? Idan an cire kuɗi a asusun kwastoma amma oda ba ta shiga ba, me zai gani, wa zai kira? Waɗannan shafukan ba sa shiga hoton talla, amma a kansu amana ke tsayuwa ko ta rushe.

A rubuta yarjejeniya, ko da aboki ne

Rabin rigingimun da ake yi da an kauce musu da rubutu na rabin shafi. A rubuta abin da za a miƙa dalla-dalla, da ranar miƙawa, da adadin zagayen gyara da ke cikin farashi, da kuɗin duk wanda ya ƙaru a kai. A rubuta kafin alƙalami da lokacin biyan ciko. A bambanta gyara da sabon aiki: sauya girman rubutu gyara ne, amma canza sunan shago bayan an gama tambari sabon aiki ne, kuma adalci ne a biya.

A rubuta fayilolin da za a karɓa. Hoton PNG ko JPG kaɗai bai isa ba, domin idan aka ƙara girmansa don allon shago farfashewa yake yi. A karɓi fayil na asali irin su SVG ko PDF, da na manhajar da aka yi aikin da ita, ko CorelDRAW ce ko Illustrator, tare da lambobin launuka da sunayen haruffa. A tambayi kuma ko haruffan da hotunan da aka sa an halatta amfani da su a kasuwanci.

Sai mallaka, wadda da yawa ke ɗauka biyan kuɗi ya wadatar. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin aiki na farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙira sai in yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma miƙa shi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Layi ɗaya da ke cewa mallakar zanen ta koma hannun mai kasuwanci bayan kammala biya yana rufe wannan ƙofa. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ma ba ta kare tambari. Wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, kasuwanci da zuba jari ta tarayya. Adireshin shafin intanet, da shafukan sada zumunta, da asusun ɗora manhaja, duk a buɗe su da imel ɗin mai kasuwanci. Asusun Google Play dala 25 ne biya ɗaya, na Apple dala 99 a shekara. Wanda ya bari aka ɗora manhajarsa a asusun wani don gudun wannan kuɗi, makullin shagonsa ya ba da ajiya.

Mai zane ma yana da haƙƙi. A biya shi a kan lokaci, kada a ce ya yi samfuri kyauta "a gani tukuna", kada a biya shi da alkawarin za a tallata shi. Nike ma daga baya, a 1983, ya koma ya karrama Carolyn Davidson da zoben zinare da hannun jari a kamfanin. Mai zanen da aka kyautata wa shi ne zai ɗaga waya ranar da mai buga takardu ya ce fayil ya ƙi buɗewa.

Ga Canva ga basirar na'ura, me ya rage?

Tambaya ce da ta dace. Yau da waya kaɗai mutum zai haɗa fosta a Canva, ko ya sa manhajar basirar na'ura ta zubo masa tambari ashirin cikin minti ɗaya. Ga wanda ya fara sana'a jiya da jarin da bai taka kara ya karya ba, wannan ya wadatar, kuma gara ya zuba kuɗinsa a kaya. Sai dai ya sani cewa samfurin da ya ɗauka dubban mutane na iya ɗaukar irinsa, kuma Canva da kansa ya bayyana cewa tambarin da aka haɗa da samfuransa na kowa da kowa ba a yi masa rajistar mallaka.

Abin da waɗannan manhajoji suka rahusar shi ne fitar da hoto. Ba za su zauna da mai atamfa su gano cewa damuwarta tsoron tura kuɗi ce ba, kuma ba za su ce mata ta ajiye maganar kambun sarauniya tukuna ba. Wanda ya ɗauki ƙwararre sannan ya mai da shi mai bin umarnin "matsar da wannan, canza wancan" ya biya kuɗin shawara ya karɓi abin da waya ke yi kyauta.

Kada kuma a ɗora wa zane abin da ba zai iya ɗauka ba. Duk da tambarin Rand, kwamfutocin NeXT sun yi tsada, ba su samu kasuwa ba, kuma a 1993 kamfanin ya daina ƙera su. Abin da ya cece shi manhajarsa ce, wadda ta sa Apple ya sanar da sayen kamfanin a Disambar 1996, kuma daga cikinta tsarin da ke tafiyar da iPhone ya samo tushe. Zane mai kyau na sa a gane kaya, a yarda da su, a saya cikin sauƙi. Ba ya gyara kaya marasa inganci, ko farashin da ya wuce hankali, ko mai shagon da ba ya amsa saƙo sai bayan kwana biyu.

Duk matashin da ke shirin tura wa mai zane saƙo a wannan mako, ya dakata da hoton da ya ɗauko a Instagram. Ya fara rubuta shafin nan guda: abin da yake sayarwa, masu saye, inda ciniki ke watsewa, da abin da ya ware. Idan mai zanen ya karanta ya dawo da tambayoyi kafin ya faɗi farashi, alama ce an dace da mai sana'a. Idan kuwa bai karanta ba ya ce a turo kafin alƙalami gobe a karɓi aiki, a nemi wani.